Mai Famfo a Ɗakin Bawul na Kwamfuta

Akwai wani mai gyaran famfo da ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Idan ka kira shi mai famfo ba zai waiwayo ba, ko da ruwa ya kai maka gwiwa a tsakar ɗaki. Aikinsa kam ya iya, wannan ba mai musu. Cutarsa ɗaya ce: ya yi imani duk abin da ke duniyar nan ruwa ne da bututu. Kanka na ciwo, bututu ne ya toshe. Motoci sun cunkushe a titi, bututu ne ya yi kaɗan. Mata da miji sun wuni suna cacar baki, ɗayansu ne ya bar bawul, wato makunnin ruwa, a buɗe. Duk wanda ya ja da shi sai ya tambaye shi ko ya taɓa kwance tanki, kuma yawancin mutane ba su taɓa ba.

Abin da ke cin ransa shi ne kowane gida an san shi, amma ta ƙofar baya. Ya gaji da durƙuso a banɗakin mutane. Don haka da ya ji asibitin unguwa zai shirya wa yayarsa taron ban kwana, sai ya ga dama ta samu. Yayar tasa ungozoma ce, ta tsufa tana karɓar haihuwa a asibitin, rabin masu yawo a unguwar a hannunta suka faɗo. Za a haska majigi a nuna gaisuwar abokan aikinta, a ƙarshe kuma a nuna saƙon babban ɗanta, wanda 'yan gida ke kira Ɗan Jirgi saboda a jirgin ruwa yake aiki. Ya yi aure can nesa, ya daɗe rabonsa da gida, in jirgi ya tashi kuwa sai a yi watanni ba a ji ɗuriyarsa ba. Ya ɗauki saƙon ne kafin ya koma teku, kuma Yaya ba ta gani ba tukuna. Tun da aka gaya mata take cewa sauran taron duk a bai wa mai so, ita muryar yaronta kawai take jira.

Mijin Auta, ƙaramar 'yar Yaya, shi ya haɗa bidiyon a wata tsohuwar kwamfutar tebur, kuma babu shi ko'ina sai a cikinta. Ana jibi taro aiki ya kira shi wani gari, ya bar wa matarsa umarni: ta danna maɓalli, ta jira, kwamfutar na da nawa amma za ta tashi, kada kowa ya taɓa komai. Injiniya yana wurin aka faɗi haka, ya kuma ɗauki maganar yadda ta yi masa daɗi. Shi zai zauna gaban kwamfutar ranar taro. Likitoci za su gan shi. Asibitin cike yake da kwamfutoci, kowacce tana neman mai kula da ita. Har ya aika wa mai fenti cewa ya bar fili a allon shagonsa, ƙarƙashin hoton kan famfo.

Ranar taro da safe ya iso da sabuwar farar riga da akwatin kayan aikinsa. Ɗakin taron tsohon ɗakin kwantar da marasa lafiya ne, har yanzu da abin wanke hannu a kusurwa. Auta ta riga ta jona kwamfutar da majigi da lasifika. Tela, maƙwabcin shagon Injiniya kuma abokinsa tun suna yara, yana jera kujeru. Shi ya sha jin karatun bututu har ya haddace, bai kuma taɓa yarda da kalma ɗaya a ciki ba.

"Kawu, an ce kar a taɓa," in ji Auta da ta ga ya ja kujera.

"An ce kar kowa ya taɓa. Ni kowa ne?"

Ta danna maɓalli. Kwamfutar ta yi gurnani, ta yi nishi, ta yi shiru, ta sake gurnani. Injiniya ya kara kunnensa a jikinta yadda yake sauraron bango idan yana neman inda ruwa ke yoyo. Ya ɗago yana girgiza kai.

"Ƙarfinta na zuba a wani wuri."

"Haka take, Kawu. Za ta tashi."

"Dubi bayanta. Kafa nan, kafa nan, kafa can, duk a buɗe. Gidan da aka saki duk kan famfonsa, wane ruwa zai hau bene?"

"Bene nawa ne a cikin akwatin nan?" in ji Tela daga bayan kujeru.

Kwamfutar ta tashi daga ƙarshe, lafiya lau, bidiyon na zaune a tsakiyar allo yana jiran a danna shi. Ana cikin haka aka leƙo aka ce masu kawo lemo sun iso suna neman inda za su sauke. Auta ta fita, ta waiwayo daga bakin ƙofa ta roƙi kawunta don Allah ya bar ta yadda take. Ya ce ta tafi hankali kwance, a hannu nagari ta bar ta.

Ƙofa na rufuwa ya kashe ta ya sake kunnawa. Ya taɓa ganin wani mai gyara yana dukan kibod lokacin da kwamfuta ke tashi, don haka ya baza yatsunsa ya hau dukan duk abin da ya samu. Sa'a ta ƙi barinsa ya tsira, ɗaya daga cikin maɓallan ya kama. Allo ya koma shuɗi, cike da layukan Turanci.

"Bayos," ya ce a hankali, kamar mai gabatar da babban baƙo.

Sunan ya ji shi a bakin mai gyaran, kuma daidai ne. Nan ne ake gaya wa babban allon da ke cikin kwamfuta waɗanne kafofi da waɗanne faifai zai yi aiki da su, tun kafin komai ya farka. Masu sana'ar ma da taka-tsantsan suke shiga. Injiniya ya shiga kamar gidan ubansa. Ya yi ta yawo har ya faɗa wani shafi da aka jera duk abin da ke maƙale a jikin allon: kafofin USB, kafar sauti, kafar wayar intanet, da abin da ke kula da faifan ajiya. Gaban kowanne akwai kalma ɗaya, in ka danna ta koma kishiyarta. Turancinsa na kwalin kayan famfo ne, amma ya ishe shi gane cewa ɗaya na nufin a buɗe, ɗaya a rufe.

"Tela, zo ka ga ɗakin bawul. Shekara nawa nake gaya muku?"

Tela ya zo ya tsaya a bayansa. Injiniya ya rufe na farko.

"Wannan na mene ne?"

"Ba a buƙatarsa."

"Ka san shi?"

"Da ana buƙatarsa da na san shi."

Ya rufe na biyu, ya rufe na gaba, ya bi su har ƙasa yana yi yana ƙwafa, yana zagin wanda ya ƙera kwamfutar da ya bar kaya haka a sake. Ya adana, ya jingina da kujera ya harɗe hannu. Kwamfutar ta mutu ta dawo cikin ƙiftawar ido, babu gurnani, babu nishi. Allo ya yi baƙi ƙirin, da layi ɗaya fari a can sama yana cewa ba a ga faifan da za a tashi da shi ba.

"Ka ga sauri?"

"Na ga sauri," in ji Tela. "Ina muka iso?"

"Bawul ɗaya ne ya wuce ƙa'ida. Yanzu zan koma in sassauta shi."

Ya sake kunnawa, ya baza yatsu, ya daki kibod. Shiru. Ya ƙara duka. 'Yar fitilar da ke kan kibod ɗin ma ta mutu. Gaskiyar magana, kibod ɗin a ɗaya daga cikin kafofin da ya rufe yake jone, wato mutumin ya kulle ɗakin bawul ya bar makullin a ciki. Amma shi ba haka ya gani ba. Ya ɗaga kibod ɗin ya kife shi ya karkaɗa, ya ce ya toshe, dama tun ɗazu bai yarda da shi ba.

Ya fita cikin asibitin neman wani. A ofishin yankan kati ya ce aron minti kaɗan ne, aikin gaggawa, ya zare nasu. Ya dawo ya jona, shiru. Ya ce asibitin nan ba su iya sayen kaya ba. Ya tafi ɗakin gwajin jini, ya dawo da nasu, shiru. Ya shiga ɗakin magani daidai lokacin da mai ba da maganin ta juya baya tana ɗauko kwalba, ya zare nata. Ita kam ba ta ɗauki wannan ba. Ta biyo shi har ɗakin taro da farar rigarta, layin masu jiran magani na biye da ita a baya.

"Malam, da me zan rubuta wa mutanen nan?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya, gwaji nake yi. Naki ma ga shi a toshe yake."

"Yanzu na gama aiki da shi."

"To a hanya ya toshe."

Ya durƙusa bayan kwamfutar, ya kafa baki a ɗaya daga cikin kafofin ya hura da ƙarfi. Ƙura ta fito ta ɗaya gefen ta cika masa ido. Wani tsoho daga layin magani ya tambaya ko wannan ma majinyaci ne.

A haka Auta ta dawo ta tarar da su: kawunta a ƙasa yana murza ido, kibod a kan kujera, kibod a kan tebur, kibod a hannun mai magani ana ja-in-ja, allo kuma baƙi. Ta ciro waya ta kira mijinta, ta buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Yana cikin mota a hanya, maganar na zuwa tana yankewa.

"Wa ya taɓa ta?"

Kowa ya dubi Injiniya. Injiniya ya dubi silin.

"Kawu ne," in ji Auta.

Aka ji dogon numfashi ta cikin wayar. "Ku buɗe murfin. Akwai ɗan batir a jikin babban allon ciki, zagayayye, kamar maɓallin kwat. Ku cire shi, ku ɗan jira, ku mayar. Zai manta da duk abin da aka canza. Amma ki saurara da kyau, bayan haka dole faifan a mayar da shi kan..."

Layi ya katse. Ta sake kira, aka ce ba a samun lambar.

"Abin da nake shirin yi ke nan ya katse ni," in ji Injiniya.

Ya kwance murfin. Ga batirin nan yana ƙyalli, ɗan ƙarfe ya riƙe shi a gefe, da farce ma ana iya turawa. Injiniya ya buɗe akwatinsa ya zaɓo sukundireban da yake ɓamɓare tsofaffin bututu da shi. Auta ta ce ya bari ita ta cire. Ya ce wannan ba aikin hannun da bai saba ba ne. Ya zura, ya danna, batirin ya yi tsalle ya wuce kan Tela, ya daki gefen abin wanke hannun nan na kusurwa, ya zagaya cikinsa a tsanake kowa na kallo, ya faɗa rami.

Kowa ya bi ramin da kallo.

"To," in ji Tela, "yanzu dai aiki ya zo gida."

Kuma lalle fuskar Injiniya ta washe, don tun safe sai yanzu ya ga abin da ya sani. Ya manta da sabuwar riga, ya kwanta rigingine ƙarƙashin abin wanke hannun, ya sa sifana a gwiwar bututun da datti ke taruwa. Da shi kaɗai ne da ya kwance shi cikin ruwan sanyi. Amma ga jama'a, ga mai magani, sai ya ɗago kai yana yi musu bayanin abin da yake yi. Sifanar ta zame, ta daki siririn bututun da ke kawo ruwa, wanda tsatsa ta gama cinyewa tun kafin a haifi Auta. Ruwa ya feso masa a fuska, ya wuce ya daki bango.

"Rufe bawul," in ji Tela.

"Ina bawul ɗin?"

"Ni kake tambaya?"

Babu bawul a ɗakin. Mutumin da ya wuni yana rufe abin da ba a sa shi ba, ga inda ake neman rufewa ya rasa. Ya kama babban yatsan Tela ya ɗora a bakin bututun, ya ce ya danne kar ya motsa, ya fita a guje. Ya zagaya bayan ginin, ya rufe bawul na farko da ya gani, aka jiyo ihu daga ɗakin wanki. Ya buɗe shi ya rufe na kusa da shi, wata ma'aikaciya ta leƙo ta taga da kumfa a hannu. Kafin ya dace da na gaskiya, ruwa ya malale ƙarƙashin kujeru, Auta ta rungume kwamfutar a buɗe ta hau kan benci da ita, Tela kuma ya jiƙe daga wuya zuwa takalmi yana ambaton iyayen duk wani mai famfo da aka taɓa haifa.

Baƙi suka fara shigowa suna ɗage kaya suna neman busasshen wuri. Masu shara suka zo da bokiti, ba wadda ta gaishe shi. Shi kuwa ya zazzage gwiwar bututun a tafin hannunsa, ya tono batirin daga cikin gashi da dattin sabulu, ya ɗaga shi sama don kowa ya shaida. Ya goge shi da gefen rigar Tela, wai ita dama ta riga ta jiƙe, ya mayar da shi wurinsa.

Aka kunna. 'Yar fitilar kibod ta kama. Allon cikin ya manta da komai, ya buɗe duk kafofinsa kamar ranar da aka ƙera shi.

"Kun gani? Wankin da batirin ya samu ne."

Amma ya manta har da yadda yake magana da faifan ajiya, abin da mijin Auta ke ƙoƙarin faɗa ke nan layi ya yanke. Kwamfutar ta fara tashi, ta kai rabi, ta yi shuɗin allo, ta mutu, ta sake farawa, ta kai rabi, ta mutu. Zuwa lokacin ɗaki ya cika. An shigo da Yaya an zaunar da ita a gaba kusa da shugaban asibitin, ta sha ado, tana ta gaisawa da mutane tana satar kallon bango. Wani mai son taimako kuma ya kunna majigi, don haka da Injiniya ya sake shiga Bayos, shuɗin shafin ya bazu a bango guda, kowa na karantawa.

Auta ce ta hango layin faifan. Zaɓi uku ne a gabansa, kowanne 'yan baƙaƙe ne da ba su yi kama da wata kalma ba. Injiniya ya yi tsai yana shafa haɓa.

"Na sama," in ji wani daga baya.

"Na ƙasa dai," in ji tsohon nan na layin magani, wanda ya fasa tafiya gida ya samu kujera.

"Jama'a, wannan ba zaɓe ba ne, ilimi ne," in ji Injiniya, ya danna na sama. Kwamfutar ta kai rabi ta mutu. Ya ce gwaji ne. Ya danna na ƙasa, ta mutu tun kafin rabi. Ya ce yanzu ya tabbatar da abin da yake zargi.

Yaya ta juyo. "Kai, lafiya dai? Zan ji yaron nan?"

"Yaya, kamar yana zaune a cinyarki."

Ya koma ciki ya sa na tsakiya, tunda shi kaɗai ya rage. Da ya adana a nan ya fita, da taro ya tafi lafiya, da ba a samu abin ba da labari ba sai ambaliya. Amma Tela, yana ɗigar ruwa a bayansa, ya sunkuyo ya raɗa masa a kunne.

"Ashe dai a buɗe take son su."

Maganar ta soke shi. Ya dubi jerin nan a bango, duk a buɗe, kamar bai taɓa zuwa wurin ba. Ina aikinsa? Me likitoci za su ce ya yi? Ya ce a ransa ko ɗaya ne sai ya rufe, don a san da hannunsa a ciki. Ya kauce wa na USB, ya kauce wa na faifai, don waɗannan sun riga sun cije shi. Ya zaɓi wani a tsakani da sauri, ya rufe, ya adana.

Kwamfutar ta yi gurnaninta, ta yi nishinta, ta tashi. Ɗaki ya ɗauki tafi. Injiniya ya miƙe da rigarsa da ta koma kalar ruwan kwata, ya rusuna dama, ya rusuna hagu. Auta ta share hawaye ta danna bidiyon.

Hoto ya fito tangaran. Shugaban asibitin ne a bango, zaune a ofishinsa, bakinsa na motsi. Lasifika ba ta ce uffan ba. Auta ta ƙara murya har ƙarshe, ta zare waya ta mayar, ta canza kafa. Ta sunkuyo.

"Kawu, me ka rufe?"

"Wanda ba a buƙata."

"Mu kashe mu koma ka buɗe."

Komawa na nufin shuɗin shafin nan ya sake hawa bango, kowa ya ga abin da ya aikata, kuma ko an yanka shi ba zai iya tuna wanne ne ba. Ga shugaban yana ta duba agogo, don likitoci na da marasa lafiya a ɗaki. Injiniya ya ɗauki makirufon da aka ajiye don jawabai, ya hura a ciki.

"Jama'a, da gangan aka yi haka. Nan asibiti ne, ba a son hayaniya. Ni zan isar muku da abin da ake faɗa, na iya karanta baki."

"Kai muryarka ba hayaniya ba ce?" in ji Tela.

Bai kula shi ba. Ya daidaita murya ta yi kauri, ya bi bakin da ke bango. "Ina gaishe da wannan baiwar Allah da ta yi mana aiki. Gidansu gidan ƙwararru ne. Kuma asibitin nan ya daɗe yana neman injiniyan da zai kula da kwamfutocinsa."

"Ban ce haka ba," in ji shugaban daga kujerarsa.

"Ranka ya daɗe, bakinka ne ya nuna."

"Ina nan zaune, malam. Ni na yi maganar."

Dariya ta tashi. Hoto ya canza, sai ga mai ba da magani a bango, tana magana tana share ƙwalla da gefen mayafi. Injiniya ya siranta murya ya ce tana neman gafarar duk wanda ta ɓata wa rai, musamman yau da safe. Ta miƙe daga tsakiyar jama'a ta ce a dawo mata da kibod ɗinta. Masu shara suka fito a bango su ma, a jere, ya ce suna godiya da aka wanke musu ɗaki kyauta. Ɗaya daga cikinsu ta ɗaga abin goge ƙasa daga bakin ƙofa ta nuna masa. Mutane na riƙe ciki, tsohon layin magani yana tari yana dariya, har Yaya ta rufe baki da hannu kafaɗunta na rawa. Injiniya ya ɗauka shi ake yabo, ya ƙara ƙaimi.

Sai bango ya yi duhu, ya sake haske, ga Ɗan Jirgi.

Dariya ta ɗauke. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, yana zaune a wani ɗan ƙaramin falo da ba wanda ya sani. Yaya ta sauke hannu daga bakinta, ta matso bakin kujera, ta karkata kai gefe, ko Allah zai sa wani abu ya fito.

"Mama, ina gaisuwa," in ji Injiniya. "Ina nan lafiya. Ki gaishe mini da Kawu, wanda ya koya mini duk abin da na sani game da inji."

Ba a yi dariya ba. Yaron ya ci gaba da magana, doguwa, yana tsayawa yana haɗiye wani abu, yana nuna ƙirjinsa, yana murmushi ido jajur. Maganar kawunsa ta ƙare tuni. Ya ce yana nan lafiya. Ya sake cewa yana nan lafiya. Ya ce teku na da ruwa sosai. Gumi ya karyo masa, don ya fara gane cewa abin da ake faɗa a bangon ya fi ƙarfin bakinsa, amma bai san ta inda ake sauka ba.

Ɗan Jirgi ya juya gefe ya miƙa hannu biyu. Hannuwan mace suka shigo hoton suka ɗora masa wani abu a naɗe cikin farin tawul. Ya juyo da shi, ya janye tawul ɗin daga fuskar. Jariri ne, ɗanye shar, ko kumburin ido bai sauka ba.

Ɗakin ya ja numfashi. Auta ta dafe ƙirji. Yaya ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Ba wanda ya gaya mata matar ɗanta na da ciki, yaron ya ɓoye ne don yau. Yana magana yana duban jaririn yana duban uwarsa, a bayyane yake yana gaya mata mace ce ko namiji, yana gaya mata suna. Jaririn ya yamutsa fuska, ya dunƙule hannu, ya wangale baki har ana ganin ɗan harshensa na rawa.

Injiniya ya dubi bango, ya dubi makirufo. Ya riga ya ce zai isar da duk abin da ake faɗa. Ya kai shi baki.

"Inyaa," ya ce. "Inyaa, inyaa."

Yaya ta tako cikin sauran ruwan da ke ƙasa, ba ta ko ɗage zaninta ba. Ta zo gabansa, ta zare makirufon daga hannunsa a hankali, ta ajiye a kan tebur. Ba ta ɗaga murya ba, amma har na bakin ƙofa ya ji.

"Yaran unguwar nan kaf, babu wanda ban ji kukansa na farko ba. Na jikana ne kawai zan ji a bakin ƙanena mai furfura."

Ba wanda ya motsa, har Tela. Ta juya ta koma kusa da bangon, ta tsaya daga gefe don kada inuwarta ta tare hoton.

"Auta, mayar da shi baya in sake gani."

Auta ta mayar. Hannuwan suka sake shigowa, aka sake janye tawul, aka sake yamutsa fuska. A wannan karon, duk faɗin ɗakin, bakin jaririn ne kaɗai a buɗe.